Alkama Mai Farin Ciki

A shekarar da sanyi ya manta hanyar Kwarin Yaqui, Don Crisóforo Buitimea bai warware bargonsa ba ko sau ɗaya. Disamba ta wuce, Janairu ta bi bayanta, bargon yana nan a ninke a kan kujera har kyanwa ta mayar da shi nata. Kullum da sassafe sai tsohon ya fita tsakar gida ya hura iskar bakinsa ko zai ga tururi. Babu. Shi da ya saba ganin raɓa ta daskare a ganyen alkama kamar an barbaɗa gishiri, ga shi yana korar sauro a watan da haƙora ke karo da juna.

Alkamar ma ta rikice. Ba ta tsaya ta yi gindi ba, sai sauri take kamar ana kiranta a wani gari, ta fitar da kai tun tana iya gwiwa. Ga ruwan dam ya ja baya. Ranar nan Nabor mai rabon ruwa ya zo a kan babur, ko sauka bai yi ba, ya ce ban-ruwan ƙarshe babu shi bana.

"To me zan ba ta?" in ji Crisóforo.

"Ba ta labari mana, baba. Ai kana da su buhu-buhu."

Maƙwabtansa duk sun ba manyan manoma hayar gonakinsu, shi kaɗai ya riƙe 'yar tasa, kuma saboda yayarsa Doña Remigia ya riƙe. Ita ce mai tortiyar nan, gurasar alkama marar kauri, da ake kira 'yar hammata. Takan ɗauki curin kwaɓi kamar ƙwan agwagwa, ta yi ta wurga shi daga wannan hannu zuwa wancan, yana buɗewa, yana buɗewa, har ya rufe mata hannu tun daga yatsu zuwa hammata, siriri har kana hango fuskar mutum ta cikinsa. Sannan ta shimfiɗa a kan kaskon ƙarfe, kafin ka haɗiye yawu ta ɗauke. Tun tana amarya ita ke yin tortiyar bikin San Isidro, waliyyin manoma, da sabuwar alkamar gonar gidansu. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna can ƙetaren iyaka. Abin da ya rage mata hannayen nan ne.

Ana cikin wannan ƙishirwa sai gafiya ta huda bakin magudanar da ke kai ruwa gonar wani mai kuɗi. Ruwan ya sulale ya gangaro, ya kwanta a ƙasan gonar Crisóforo. Kafin Nabor ya gano ya toshe, ɓangaren gangare ya sha har ya yi gyatsa, na tudu kuwa ko ɗigo bai gani ba. Crisóforo bai yi shakkar wanda ya aiko gafiyar ba. Ya kunna wa waliyyi kyandir, ita kuma ya ajiye mata karas a bakin rami.

Da aka yi girbi sai gona ɗaya ta ba da alkama biyu. Ta gangare ɓul-ɓul, mai nauyi, ta cika buhuna har ana neman aro. Ta tudu kuwa 'yar kaɗan, a yamushe, ja-ja, kamar haƙoran ɓera. Crisóforo ya kawar da kai daga gare ta, ya jingine ta bayan akurki ya ce rabon kaji ne.

Nabor ya ɗebi ta gangaren a tafin hannu, ya gatsa ƙwaya ɗaya, ya nuna masa. Cikinta fari fat kamar alli.

"Baba, alkamar nan taka farin ciki gare ta."

"Ni ma shi gare ni."

"Ba wasa nake ba. Dubi cikin. Injiniyan gona ya ce idan ta sha ruwa da yawa taki bai ishe ta ba, haka take yi, jiki ba ƙarfi."

"Wannan zancen masu saye ne, su sami abin rage farashi. Ni sayarwa zan yi? Cire hannunka daga buhuna, ɗan nema."

Ya kai injin niƙa, ya dawo da gari fari tas, ya sauke a ƙofar yayarsa yana tafiya kamar wanda ya ci zaɓe. Biki saura 'yan kwanaki. Remigia ta kwaɓa na gwaji, ta zuba gishiri da ɗan kitse, ta rufe ya huta, ta hura wutar itacen meskite. Crisóforo ya zauna a kan bokiti yana jira.

Curin farko ya buɗe har gwiwar hannu, sai ya ɓarke. Na biyu bai ma kai nan ba. Na uku ya zube ƙasa, kare ya ɗauke. Remigia ta tsaya tana kallon hannayenta, ta juya su gaba da baya, kamar wani ne ya ba ta ajiya.

"Ko ruwan rijiyar ne, Yaya?"

"Da shi na yi bara."

"To zafin nan ne. Ko wata. Bana wata ma a karkace yake fitowa, na lura."

"Rufe mini baki, Crisóforo."

Washegari ta sake, ya sake ɓarkewa. Ta canza kitse, ta ƙara ruwa, ta rage ruwa. Crisóforo ya koma wurin mai injin ya zarge shi da haɗa masa gari da na wani, suka yi cacar baki, ya dawo bai ƙaru da komai ba. Ya ce a sayo garin kanti a gwada. Remigia ta yi masa kallon da take masa tun yana yawo ba wando.

"In sai da garin leda hannuna zai yi aiki, to gara a binne shi. Ka ga alkamar nan da idonka, ban taɓa samun mai kyanta ba. Laifin ba nata ba ne." Ta zauna, ta ɗora hannayen a cinya. "Haka ya faru da Inna. Rana ɗaya hannayenta suka daina jin maganarta. Gobe ka je ka gaya wa masu shirya biki su nemi wata."

Ta kife kaskon a jikin bango. A iya saninsa kaskon nan bai taɓa ganin bango ba.

Bai je wurin masu biki ba. Ya bi hanyar, ƙafarsa ta kai shi gida, ya zauna bayan akurki yana ta juya abin a ransa. Sanyi bai zo ba. Ruwa bai zo ba, sai kuma ya zo ta hannun gafiya. Alkama ta yi kyau, tortiya ta ƙi. Ya jera su, ya sake jerawa, ba su haɗa layi ba. Har ya fara tunanin ko gafiyar ba waliyyi ne ya aiko ta ba, ko kuma an aiko ta wata gona ce ta ɓata hanya.

Yana wannan tunani hannunsa na cikin buhun kaji. Ya watsa musu kaɗan, ya watsa kaɗan a bakinsa, kamar yadda suke yi suna yara lokacin da babu mai kuɗin cingam. Ya yi ta tauna bai sani ba. Can sai ya ji abu yana manne masa a dasashi. Ya zaro, ya ja da yatsu biyu. Ya miƙe kamar roba, bai tsinke ba.

Ya daɗe yana kallon abin. Sai ya laluba aljihu, inda yake yawo da mai farin cikin don nuna wa mutane, ya tauna ta ita ma. Ta narke ta zama kunu, da ƙyar ya tsira da ɗan abin da ya ja ya gutsure.

Remigia tana tsince wake ya faɗo mata gida yana haki, da abin a tsakanin yatsu.

"Yaya, dubi!"

"Wayyo Allah. Daga bakinka ka ciro wannan ƙazantar? Tsufan ya kai nan?"

"Ja ki gani."

"Ka kusanto ni da shi sai na kwaɗa maka ludayi."

"Ta kaji ce, Yaya. Ta tudu, wadda ba ta sha ba. Ita ke da danƙon."

"Abin da kaji ke ci zan kai wa waliyyi?"

Amma idonta yana kan zaren da ke miƙewa tsakanin yatsunsa.

Garin da ya fito daga injin bai da kyan gani, duhu-duhu, rabinsa dusa, sai da ta tankaɗe ta kuma tankaɗewa. Ta kwaɓa tana ƙunƙuni. Da ta ɗauki curin farko Crisóforo ya juya baya yana kallon bishiyar lemo, don ba zai iya kallo ba. Ya ji tas, tas, tas na kwaɓi a kan fata, ya yi ta jiran inda zai tsaya. Bai tsaya ba.

"Kai, juyo," in ji ta. "Kana ganina?"

Ya juyo. Tana riƙe da ita a gaban fuskarta, daga yatsu har hammata, ga hancinta ga haƙorinta na zinariya ana hangowa ta cikinta.

Ranar biki garin bai ishi kowa ba, kaji sun riga sun ci rabonsu, aka yi ta raba tortiya ɗaya mutum biyu ana dangwala da naman barkono. Aka ɗauko mutum-mutumin San Isidro bisa katako a kafaɗa aka zaga da shi gonaki, jama'a na roƙon ruwan sama ya sauka a kan duwatsu don dam ya cika. Remigia ta matso kusa da ƙanenta, gari har gira.

"Baɗi irin wannan za ka shuka mini. Kar ka sake kawo mini waccan."

"Iri ɗaya ne, Yaya. Buhu ɗaya na shuka."

"To ka san yadda za ka yi."

Ta koma wurin kaskonta. Waliyyi ya iso daidai gonarsa, masu ɗauke da shi suka tsaya don ya yi nasa roƙon. Crisóforo ya cire hula. Alkama mai ƙiba na aljihun dama, yamusasshiya na hagu. Ya buɗe baki zai ce ruwa, ya fasa. Ya so ya ce ƙishirwa, ya ga kowa na kallonsa.

"Baba, yi sauri, nauyi gare shi," in ji Nabor daga ƙarƙashin katakon.

"Sanyi," in ji Crisóforo a hankali. "A fara dawo mana da sanyin tukuna."