Jita Mai Dogon Wuya

Tun da aka yi wa Auta aiki a maƙogwaro, muryarsa ta sauka ƙasa ta ƙi hawowa. Likitoci sun ce ya gode wa Allah, abin da suka cire bai bar baya da ƙura ba, shi ma kuwa ya gode ɗin. Amma mutumin da ya yi shekara da shekaru yana waƙa da siririyar murya, har abokansa kafintoci suna tsokanarsa wai da ita ma sai a zare ƙaya, yanzu in ya yi sallama sai ka ɗauka tebur ake ja a benen sama. Sunan Auta kuwa ya bi shi har furfura, don shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, kuma yayarsa ba ta taɓa kiransa da wani suna ba.

Yayar ce damuwarsa. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta yi masa wanka, ita ta yi ƙarya don ta kare shi. A zamanin da Babansu yake da shagon kafinta, ba abin da tsohon ya tsana irin kiɗan jita, shiririta yake kiranta. Auta kuwa da an ɗauke ido sai ya ajiye guduma ya sulale shagon mai gyaran rediyo, inda wata tsohuwar jita take rataye. In Baba ya ɗaga murya yana cigiyarsa, Yaya ce take fitowa ta ce ita ta aike shi. Ta sha faɗa a kan aiken da ba ta yi ba har ba ta san iyaka ba.

Yanzu tsufa ya kwashe mata kusan komai. Tana zaune a ɗakin baya a gidan 'yarta, kan kujera kusa da taga, tana ninke hankici tana warwarewa. 'Yar tata ma'aikaciyar jinya ce, Auta yana kiranta Likita don tsokana, kuma wata rana ita ma sai uwar ta tambaye ta 'yar gidan wa ce. Abu ɗaya ya rage. In Auta ya rufe shago da la'asar ya zo da jitarsa, ya ɗauko waƙar nan da Babansu yake yi yana jan zarto, sai Yaya ta ɗago kai, idonta ya washe, ta ce, "Auta, ka ci abinci?" Iyakar maganar ke nan, amma saboda ita yake hawa benen gidan da gwiwoyinsa masu ciwo.

Ranar da ya koma bayan asibiti, ya gaishe ta da sabuwar muryarsa, sai ta gyara mayafi ta tambayi Likita baƙon wa ye wannan. Ya yi murmushi ya ɗauko jita. Hannu bai manta ba, amma da waƙar ta zo inda take hawa, muryar ta tsage ta faɗo. Ya sake, ta sake tsagewa. Yaya ta mai da fuska taga. Da ya fito bai iya sauka ba, zama ya yi a kan matakala da jitar a cinya, ransa ya ɓaci irin ɓacin da bai yi ba ko ranar da aka ce za a yanka masa wuya.

Kafinta ba ya rasa dabara, ko da ba ta aiki ba ce. Ya sassauta tsirkiyoyin jitar don sautin ya sauko inda muryarsa take, sai suka saki suna lilo kamar igiyar shanya, ko ya taɓa a hankali sai su bugi ƙarafan wuya suna ƙara. Ya gwada koyon waƙar da wani kamun yatsa daban, yatsun suka ce ba su san zance ba, hanya ɗaya suka sani tun yana saurayi, kuma ba yanzu za su sake ba. Likita ta zuba masa ido har ya gama wahalarsa, sannan ranar hutunta ta ce ya shigo mota.

Shagon kayan kiɗan siriri ne, a matse tsakanin kantin magani da wurin masu gyaran waya. Jitoci na rataye ta wuya a bango biyu, a ƙasa ganguna da akwatunan lasifika, ba inda mutum zai juya bai nemi gafarar wani abu ba. Mai shagon mace ce mai gilashi a rataye da igiya, irin mutanen nan da ba sa gaggawar sayarwa, abin da yake sa mai saye ya fara zargin kansa. Likita ta yi mata bayani, ita kuwa ko jita ɗaya ba ta kalla ba, ta ce wa Auta ya rera mata abin da yake son rerawa, ba kiɗa, yadda ya zo masa da sauƙi.

Auta ya ji kunya, gemu fari a tsaye tsakar shago yana waƙa kamar ɗan makaranta. Ya dubi Likita, ta ɗauke kai tana karanta kwalin batir. Ya yi gyaran murya ya rera can ƙasa, inda ba ya jin zafi.

"Muryar ba ta lalace ba, Malam," in ji mai shagon. "Gida ta sake. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, to kai mai rawar ne ya sauya, sai mu sauya masa kiɗa."

Ta shiga ciki ta fito da jita biyu, kowace wuyanta ya ɗara na tasa tsawo, cikinta ya fi faɗi. Ta ce sunan irinsu bariton. Tsawon wuyan da kaurin tsirkiyar su ne suke ba ta damar yin ƙasa ba tare da ta saki ba. Abin da ya fi kama hankalin Auta shi ne da ta ce yatsunsa ba sai sun koyi komai ba: ya kama yadda ya saba, jitar ce za ta sauko da waƙar ta same shi.

Nan kafinta ya farka. Bai taɓa tsirkiya ba tukuna. Ya ɗauki ta farko, mai sheƙi har mutum yana ganin fuskarsa, ya ƙwanƙwasa cikinta da gaɓar yatsa, ya kara kunne. Ya ɗaga ta ya rufe ido ɗaya ya bi wuyan da kallo, yadda yake duba katako ko ya karkace. Ya kai hanci ramin ya shaƙa. Likita ta ce Kawu ai ba ƙofa za su saya ba, bai kula ta ba. Ta farkon ya ce an cika mata fenti, an shaƙe itacen, ba ta numfashi. Ta biyun ba ta da ado, har da ɗan ƙarce a gefe, amma da ya ƙwanƙwasa ta sai ta amsa ta daɗe tana amsawa.

Sai da ya juya ta ya ga abin da ya ɓata masa rai. An huda gefenta an cusa ɗan akwatin roba mai maɓallai da gidan batir, a gindi kuma ga kafar da ake soka waya. Ya ce wanda ya yi wa itace mai kyau wannan aika-aika ba ya tsoron Allah, a ba shi wadda ba a huda ba. Likita ta matso ta yi magana a hankali. Ta ce kunnen Mama ya yi nauyi fiye da yadda ya sani, ita ma sai ta kai baki kusa take jin ta, in ba a ƙara wa jitar ƙarfi ba rabin abin da zai kaɗa a iska zai tafi. Auta ya shafa wurin da aka huda da babban yatsa. Suka fito da jitar da ƙaramar lasifika wadda ba ta fi akwatin kayan aikinsa ba.

Mai shagon ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta faɗi duka ba. Tsirkiyoyin masu kauri suka kumbura masa bakin yatsu, shi da yake taƙama kafinta ba ya jin katako. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan wuyan ta fi wadda ya saba, ɗan ƙaramin yatsansa sai ya yi miƙa kafin ya kai. Kullum da rana in aiki ya lafa, sai ya kakkaɓe garin katako daga benci ya zauna yana yi, maƙwabtansa suna leƙowa suna tambaya ko janareto ya sayo. Sannu a hankali hannu ya saba. Ran da ya kai ƙarshen waƙar muryar ba ta tsage ba, ya tashi ya rufe shago tun la'asar ba ta yi ba.

Ya tarar da Yaya a inda take, da hankicinta. Bai gaishe ta ba, kada ya tsorata ta. Likita ta ajiye lasifikar kusa da ƙafar kujera, ta soka waya, ta murɗa maɓalli kaɗan, ta koma bakin ƙofa. Auta ya zauna a gefen gado ya saki tsirkiya ta farko. Sautin ya cika ɗakin daga ƙasa, har cokalin da ke cikin kofin shayi ya yi 'yar rawa. Hannun Yaya ya tsaya a kan hankicin.

Ya shiga waƙar. Bai yi ƙoƙarin hawa ba, ya bar ta a inda jitar ta ajiye masa ita, mai kauri, mai ɗan gurnani. Yana tsakiya shi kansa ya ji tsigar jikinsa ta tashi, don ya san wannan muryar, ya sha jin ta tare da ƙarar zarto. Yaya ta juyo gaba ɗaya, idonta ya washe yadda yake yi a da. Ta jawo mayafi ta rufe kanta sosai, ta sunkuyar da kai. Auta ya kai ƙarshe ya ɗora tafi a kan tsirkiyoyin, yana jiran ta tambaye shi ko ya ci abinci.

"Baba, sannu da aiki," in ji ta.

Likita ta motsa za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. Ya zo ne a gane shi, ga shi an ba shi matsayin wani, kuma abin ya yi masa ciwo. Ya haɗiye ya amsa, "Yauwa."

Yaya ta dubi ƙofa, ta dubi jitar da ke cinyarsa, tsoro ya bayyana a fuskarta. Ta matso ta rage murya.

"Baba, kada ka yi wa Auta faɗa. Ni na aike shi."

Auta ya shafa wuyan jitar.

"Ba zan yi masa ba," ya ce.

"Yana da kunne, Baba. Ka bar shi ya koya."

"Na bar shi."

Ta sauke ajiyar zuciya ta jingina da kujera, ta ce to bari ta je ta rufe masa abincinsa kada ya huce. Ba ta tashi ba, ta dai ci gaba da kallonsa hankali kwance. Auta ya goge ido da bayan hannu, ya gyara zaman jitar a cinyarsa, ya sake ɗauko waƙar daga farko.