Yarinyar da Sunanta Ya Yi Mata Nauyi

Ni na raɗa mata Prameswari. A wani tsohon littafin tarihin sarakuna na tsinci sunan tun ina saurayi, na ɓoye shi a zuciyata, tun kafin in san ko Wening za ta yarda ta aure ni. Ranar suna surukata, Mbok Tukinem, ta ɗaga jaririyar tana jinjina ta, ta ce, "Wannan 'yar mitsitsiyar ce za ta ɗauki sunan matar sarki? Danang, kai ubanta facin taya kake yi fa." Aka yi dariya, ni ma na yi.

Tana wata goma sha ɗaya zazzaɓi ya kama ta. Da hannuna na sayo maganin ruwa na jarirai, da hannuna na ɗura mata. Bayan kwana uku ta daina fitsari. Kwana arba'in da biyu muka yi a asibitin birni, Wening ta rame har zoben aurenmu ya riƙa zamewa daga yatsarta. Daga baya aka gano guba ce ta gauraya da maganin tun daga kamfani, kuma ba 'yarmu kaɗai ya taɓa ba. Ta rayu, amma likita ya ce ƙodarta za ta buƙaci kulawa iya rayuwarta.

Muna dawowa gida Mbok Tukinem ta yanke hukunci: sunan ne ya danne ta. Ta dama kunun shinkafa, rabi fari, rabi ja da sukarin kwakwa, ta tara maƙwabta, aka yi addu'a, aka mayar da yarinya Rahayu. Ban yi musu ba. A lokacin ko cewa aka yi in sauya nawa sunan zan sauya. A makon ne kuma na je na yanki takardar haihuwar da na yi ta jan ƙafa a kanta, aka rubuta Rahayu.

Bayan wata bakwai muka ji labarin wata lauya mai taimakon talakawa, Bu Harnani, wato Malama Harnani, tana tara iyayen yaran da maganin ya cutar. Ofishinta ɗaki ne guda a saman shagon ɗinki. Ta zaunar da mu ta yi mana bayani dalla-dalla. Muna iya kai ƙara mu kaɗai, amma kamfanin zai gajiyar da mu. Muna iya karɓar abin da wakilansu za su kawo a ambulan, amma akwai takardar da za mu sa wa hannu, daga nan bakinmu ya rufu. Ko kuma mu shiga ƙarar haɗin gwiwa da sauran iyalai, inda ake neman kotu ta ɗora wa kamfanin jinyar yaran har girmansu.

"Ta ukun muke so, Bu," in ji Wening tun kafin in buɗe baki.

Bu Harnani ta jera takardunmu, ta dubi wannan, ta dubi waccan, sai ta cire tabarau.

"Mas Danang, 'ya'yanka nawa?" ta tambaya, da laƙabin girmamawar da ake kiran namiji da shi a wajenmu.

"Ɗaya, Bu."

"A nan biyu nake gani. Prameswari ce ta kwanta asibiti, ba ta da takardar haihuwa. Rahayu tana da takarda, amma ba ta taɓa ciwo ba. Lauyoyinsu za su ce ka aro ciwon 'yar wani."

Ta ce ranar Juma'a za ta miƙa wa kotu sunayen, wanda bai shiga ba ya rasa. Abin da zai cece mu shi ne wasiƙar dagaci mai hatimi cewa sunan biyu na mutum ɗaya ne.

A kan babur, hanyar gida, Wening ta kifa goshinta a bayana. "Mas, kar ka ce wa Mbok komai. Za ta ce ita ta jawo." Ni kuwa a raina cewa nake ni na jawo, sau biyu ma: ni na ɗura maganin, ni na yi jinkirin takardar.

Pak Lurah, dagacinmu, ya sha kunun sunan, har ya nemi ƙari. Amma da na je ranar Talata sai ya tafa hannu. "Na san yarinyar kamar tafin hannuna, Danang. Sai dai wannan wasiƙa kotu za ta je. Kawo mini rubutu guda da ya haɗa sunan biyu, in buga hatimi. Kunu ba ya shiga fayil."

Na birkice gidanmu kaf, ban sami komai ba. Ni da nake cika kwali da littattafai, ban rubuta ranar da aka sauya wa 'yata suna ba.

Laraba ce ranar awon jarirai a barandar Yu Parti, matar da ta shekara ashirin tana rataya yaran unguwarmu a zani ta ɗora a ma'auni, ba wanda ke biyanta ko sisi. Wening ta kai Rahayu da kumburarrun idanu. Ni na raka su ne kawai don na kasa zama.

"Wa ya mutu?" in ji Yu Parti. "Ko malam mai littafi ne ya karanta miki wani abin kuka?"

Wening ta faɗa mata. Yu Parti ta yi tsaki, ta shige ɗaki, ta fito da wani littafin awo mai baƙin bango da man girki ya ɓata. Ta lashi yatsa tana buɗewa. Ga layin 'yarmu, wata bayan wata, kilo bayan kilo. Sai gurbi biyu babu awo, ta rubuta "tana asibiti, ƙoda." A wata na gaba ta ja layi ɗaya siriri a kan Prameswari, ana iya karanta shi sarai, ta rubuta Rahayu a sama, da kwanan wata, da sunana da na Wening, har da sa hannun ungozomar gwamnati a gefe.

"Kun zaci ku ne na farko?" ta ce. "Yara shida aka sauya wa suna a littafin nan. Ba na gogewa, kar in auna yaro ɗaya sau biyu. Kai kuma rufe bakin, ƙuda zai shiga."

Ban san lokacin da na durƙusa na kama hannunta na kai goshina ba. Hannun yana warin albasa. Na karanta labaran jarumai masu yawa, ban taɓa jin abin da na ji a barandar nan ba.

"Tashi, ɗan nema, kana tare wa mutane layi!"

Ba ta yarda ta ba ni littafin ba. Ita ta rungume shi zuwa ofishin dagaci, matan da ke layi suka biyo ta da goyonsu, kowacce na cewa ai ita ma ta sha kunun. Har Mbok Tukinem, da labari ya riske ta a gona, ta iso da laka a ƙafa tana cewa a rubuta ita ta dama. Pak Lurah ya karanta shafin sau biyu, ya hura hatiminsa, ya buga.

Ranar Alhamis da hantsi Bu Harnani ta karɓi wasiƙar da hoton shafin, ta ce in gaya wa Yu Parti wataƙila kotu ta kira ta. Shari'ar za ta yi tsawo, ta ce, kuma ba ta yi mana alkawarin nasara ba. Sannan ta jawo takardar sunayen, a lamba ta talatin da ɗaya ta rubuta: Rahayu, wadda a da ake kira Prameswari. Wening ta nemi hannuna a ƙarƙashin tebur ta matse. Yarinyar kuwa tana ƙasa, ta cire wa lauya takalmi ɗaya tana ƙoƙarin sa ƙafarta a ciki.