Kwamfutar da Kalilu Ya Saya

Kalilu bai taɓa kiran sunan Balki ba. 'Yar farinsa ce, shi kuwa mutumin Damagaram ne na asali, kunyar ɗan fari a jininsa take. In zai yi maganarta sai ya ce "yarinyar nan", in ta shigo ɗaki sai ya tsiri neman takalminsa. Amma duk Arlit babu abin da yake so kamarta.

A shekarar da tawaye ya rufe hanyar Agadez, mota ba ta tafiya sai da rakiyar soja, kamfanin ma'adinai ya rage ma'aikata, Kalilu na ciki. Aka karɓe gidan kamfani, ya kwashe iyalinsa zuwa unguwar bayan gari, inda babu famfo balle lantarki. Ƙanensa Tanko, wanda shi Kalilun ya kawo garin ya koya wa riƙe sufana, shi aka bari da aikinsa da gidansa da fankarsa da babur ɗinsa. Kalilu ya ce rabo ne, amma abin bai bar ransa ba.

Wata rana ya ji Balki tana gaya wa uwarta Hansai cewa a lakwal, wato makarantar boko, an fara koya musu kwamfuta, amma su da yawa ne, ko taɓawa ba ta samu. Ya sayar da babur ɗinsa, ya nufi shagon Alhaji Lawan, Bakanon da ke sayar da kayan hannu da ake shigowa da su ta Assamakka.

"Mai araha nake so, Alhaji, ta gida. Yarinya ce za ta koyi rubutu."

Alhaji ya jawo wata kwamfuta mai ƙaton ƙeya, farinta ya koma ruwan ƙasa, ya kunna. Ta yi gurnani kamar injin niƙa kafin ta kawo haske. "Tsohuwa ce, amma ba ta ƙarya. Kana da wuta a gida dai ko?"

A nan gizo ke saƙa. Dole Kalilu ya sa aka kai ta gidan Tanko. Da Tanko ya tambaye shi me za a ce wa yarinyar, sai kunya ta kama shi, ya ce, "Ka ce mata ga abin karatu nan, shi ke nan."

Shi ke nan ɗin ne ya jawo masa. Balki ta dawo gida bakinta har kunne, tana cewa Baba Tanko ya kawo mata ordinater. Kafin mako ya zagayo duk unguwa ta ɗauka. Mata na cewa Tanko ɗan albarka ne mai riƙon zumunci, a masallaci har addu'a aka yi masa. Kalilu na sahun baya yana amsa amin da ƙyar. Tanko kuwa bai ce shi ya saya ba, amma bai ce ba shi ba ne, murmushi kawai yake, murmushin nan shi ya fi ƙona wa Kalilu rai.

Daga lakwal Balki gidan Tanko take wucewa. Can take cin abinci, can take shan ruwan sanyi. In ta dawo, Baba Tanko ya ce kaza, Baba Tanko ya nuna mini kaza. Kalilu yana tafe a ƙasa cikin rana neman aikin gyaran famfo, yana kishin ƙanensa kamar ya fashe. Hansai ta ce, "Malam, ka buɗe baki ka gaya mata mana." Ya harare ta. Yaushe namiji zai tsaya gaban 'yar farinsa yana lissafa mata alheri?

Sai ga Larai matar Tanko, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba, ta zo da magana mai laushi. "Yaya, tunda karatun nata can yake, me zai hana ku bar mana ita gaba ɗaya? Ai ɗa na kowa ne."

Washegari da hantsi Kalilu ya shiga gidan Tanko ko sallamar kirki babu, ya tuge wayoyi, ya ɗaure komai da igiya.

"Yaya, ba ku da kuran fa, babu lantarki a unguwarku," in ji Tanko.

"Na sani. Kayana ne."

Ya kai ta gida ya ɗora a kan tebur, Hansai ta rufe ta da zane saboda ƙura. Ya samu abin da yake so, Balki ta daina fita. Tana dawowa sai ta zauna gaban baƙin gilashin, ta ɗora allon haruffan a cinya tana dannawa, yatsunta na tafiya, babu abin da ke fitowa. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambaye shi dalili ba. Ƙarar dannawar nan kaɗai yake ji daga zaure, har ya ji ya tsani kansa fiye da yadda ya tsani Tanko.

Bai jure ba. Ranar Juma'a bayan an sauko ya naɗa gammo, ya ɗora mai ƙaton ƙeyar a ka, ya rungumi akwatin injinta a hammata, ya nufi gidan Tanko. Bai ce kowa ya biyo shi ba, amma ya ji takun ƙafa a bayansa. Balki ce, ɗauke da allon haruffa da wayoyi.

A bakin layin gidajen kamfani suka ci karo da Sidi mai shayi. "Sannu Kalilu! An gyaro wa Tanko injin nasa ne?"

Kalilu ya ja ya tsaya. Sai ya ji murya daga bayansa.

"Ba ta Baba Tanko ba ce," in ji Balki, idonta a ƙasa. "Shi ai babur ɗinsa na nan."

Ba ta faɗi ko ta wa ce ba. Kalilu bai waiwaya ba, ya gyara kayan a kansa, ya rage sauri don ta cim masa.