Ba Ta Iya Cin Bashi Ba

Hajiya Raki ta fi shekara ashirin a unguwar Levenshulme, can Ingila, tana ɗinki a falonta, kuma duk tsawon Stockport Road babu mai shagon da zai ce ta taɓa ɗaukar ko albasa ta ce sai gobe. To, wannan matar ce wani yaro mai jan nektai, a ofishin hayar gidaje a Birmingham, ya leƙa kwamfuta ya ce wa sunanta ba shi da kyau.

Ba yawo ya kai ta Birmingham ba. Autarta Zinatu ce a can da ƙaramin ciki, na fari, ta kuma ce ba za ta zo gida haihuwa ba, asibitinta da aikinta duk suna can. Flat ɗinsu kuwa ɗaki ɗaya ne da falo.

"Umma, ki kwana a falo mana," in ji Zinatu.

"Ni? In miƙe ƙafa a falo mijinki yana tsallake ni zai shiga banɗaki? Ke dai Ingila ta cinye miki kunya."

Shi ne ta ce za ta kama ɗan wuri kusa da su, ta yi wa 'yarta wankan jego yadda aka yi mata. Abin da take so ke nan, ba ƙari.

Yaron ofishin hayar ya yi bayani. Wai akwai kuɗin waya da aka taɓa yin watanni ba a biya ba. Nan ta gane lokacin. Alhaji, mijinta, ya rasu lokacin da suka je Kano ganin gida, ta zauna can ta yi takaba, kamfanin waya yana ta turo takarda gidan da babu kowa. Satin da ta dawo ta biya.

"Na biya fa!"

"Kin biya, madam, amma a makare. Sai ya shekara shida zai goge."

Wato laifin Alhaji ne da ya mutu bai sanar da kamfanin waya ba.

Maƙwabciyarta Grace, wata nas 'yar Kafanchan, ita ta kawo shawara. "Hajiya, akwai credit card na masu ɓataccen suna. Ki riƙa sayen ɗan abu da shi, ƙarshen wata su turo bill, ki biya duka. Ba riba ko kwabo. Kafin Zinatu ta sauka sunanki ya ɗan farfaɗo."

"Tsaya, Grace. Sun ce ina da matsalar bashi, maganin kuma in ci bashi?"

"Haka ƙasar take."

"Allah ya kyauta wa ƙasar."

Kati ya zo. Ran farko ta sayi shinkafa da man gyaɗa da shi, ta dawo ta dafa, ta zuba a faranti, ta zauna tana kallonsa. Loma ta ƙi wucewa. Ta tuna yadda ake ajiye gawa a tambayi jama'a ko akwai mai bin mamaci bashi. In ta faɗi yau kafin la'asar, wa zai tashi ya yafe a madadin banki? Mutanen da ko sallama ba sa amsawa a waya sai ka danna ɗaya ka danna biyu?

Sai dabara ta zo mata, ta kuma ji daɗin kanta ƙwarai. Ai ba sai ta jira ƙarshen wata ba. Kuɗin shinkafar gobe da sassafe za ta mayar, daga nan kuma za ta riƙa zuba kuɗi a katin tun kafin ta taɓa shi. Duk wadda ta karɓi ɗinki ta biya a hannu, Hajiya Raki sai ta yafa mayafi ta hau bas ta kai banki ta ce a sa a kati. Lokacin ɗinkin sallah har kusan kullum. Kati ya ƙoshi, ya yi ƙiba. In Grace ta tambaya ta kan katanga, sai ta ce, "Lafiya lau, yanzu ma ni nake bin su." Grace ta ɗauka raha ce.

Ranar da ta je sayen gero da kanwa da babban baho, cikin Zinatu ya shiga wata tara, na'ura ta ƙi karɓar katin. Aka sake gwadawa, layi ya taru a bayanta, wata mata tana tsaki. Ta ajiye baho ta nufi banki ko gida ba ta biya ba.

Yarinyar da ke kanta ta yi murmushin nan nasu da ba ya kai wa ido. An rufe katin, madam. An ga kuɗi tsaba suna ta shiga ba a san daga ina ba, dole a bincika.

"Daga ina? Daga idona da bayana! Ku da na ba ajiya, ku ne za ku kira ni ɓarauniya?"

"Ba wanda ya ce haka. Amma katin na cin bashi ne, ba na ajiya ba. A wurinmu ba ki taɓa cin bashi ba, don haka ba mu da shaidar kina biya."

"To a rubuta cewa ban ci ba!"

"Babu wurin rubuta wannan."

Hajiya Raki ta ce a kira mata babba. Babba yana hutu. Aka ba ta lambar kai ƙara, ta kira, aka sa mata kiɗa.

Hanya ɗaya ta rage, in ji Zinatu: a samu wanda zai tsaya mata a ofishin hayar. Wanda ya samu kuwa shi ne Musbahu, mijin Zinatu, surukin da ko sunansa ba ta faɗa, ko ruwa ba ta sha a gabansa. Suka zauna kujera kusa da kujera a gaban mai jan nektai, ita ta juya fuska bango, shi yana kallon takalminsa. Yaron ya buɗe kwamfuta, fuskarsa ta washe kamar ya ga ɗan'uwansa.

Mota bashi. Waya bashi. Katuna har ya gaji da lissafi. Firij, talabijin, gadon jariri da aka kawo makon jiya.

"Excellent," in ji shi. "Madam, kin yi sa'ar suruki. Irin wannan muke nema."

Tun da aka ɗaura auren ba ta taɓa duban Musbahu ido cikin ido ba sai ran nan.

"Har gadon jaririn?"

"Umma, zero percent ne."

"Ban tambaye ka Turanci ba."

Ta sa hannu, ta karɓi makulli, ba ta yi wa yaron godiya ba.

Zinatu ta sauka lafiya, namiji. Hajiya Raki ta ɗauko su daga asibiti kai tsaye zuwa nata wurin, ta tafasa ruwa, ta gasa mai jego har tana ihu tana kiran midwife, ta dama kunun kanwa ta tsaya a kanta sai da ta shanye. Da Musbahu ya zo da gadon a kwali zai haɗa, ta aika masa Zinatu da saƙo daga ɗaki: jikanta ba zai kwanta a kan bashi ba, katifarta ta ishe su.

Gadon yana nan a kwalinsa bayan ƙofa, an ɗora masa bokiti. Musbahu yana biyan kuɗinsa duk wata a kan lokaci, sunansa sai ƙara kyau yake yi.