Lambar da ke Ƙasan Takarda

Ranar Asabar da hantsi Kunne ya fito da jakar takardunsa ya dire a kan teburin falo, kamar mai gabatar da shaida gaban alƙali. 'Yarsa ta fari, wadda yake kira Mamana, ta riga ta buɗe kwamfuta tana jiransa. Malamar makaranta ce, ko da ubanta take magana sai ka rantse akwai allo a bayanta.

"Baba, shafi ɗaya fa ake so."

"Shafi ɗaya na me?"

"Na komai da komai. Masu ɗaukar aikin nan ba karatu suke yi ba, leƙawa kawai suke. Takarda ɗari biyu a gaban mutum, in idonsa bai kama wani abu a layin farko ba, shi ke nan ya wuce."

Kunne ya dubi jakar, ya dubi 'yarsa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran injuna a kamfanin kwali kafin a rufe shi, shekara biyu ke nan da suka wuce. A can aka laƙaba masa sunan Kunne, domin shi ba ya kwance inji don neman ciwonsa. Bakin sukundireba yake ɗorawa a jikin ƙarfen, ya manna ƙotar a kunne, ya rufe ido, sannan ya faɗa maka wane boris ne zai mutu kafin ƙarshen mako. Yanzu ga wani kamfanin takalman roba yana neman makanike, kuma wai sai da takardar tarihin aiki. Mutumin da inji ke gaya wa sirrinsa, yau shi ne zai zauna a matse shi cikin shafi ɗaya.

"To, me ka cim ma a wurin aikin? Da lamba suke son a faɗa."

"Na yi aiki."

"Kowa ma ya yi aiki, Baba."

Ya murza haɓa. "Inji mai lamba huɗu bai taɓa kwana a mace ba. Shekara goma sha tara."

"Yauwa! Ka ga irinta." Yatsunta suka hau rawa a kan kwamfutar. "Sai me?"

"Ki rubuta ina jin ciwon inji da kunne."

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Haba Baba, sai su ɗauka boka ne ya zo neman aiki."

Daga kicin uwar yara ta ɗago murya: "Ki rubuta musu inji kawai yake ji. Ni shekara talatin ina magana bai taɓa ji ba."

Shi ma ya dara, amma abin ya sosa masa rai. Yana gani aka zubar da takardar yabon da aka ba shi a shekararsa ta goma, wai ta tsufa. Aka cire shekarar haihuwa, wai kada su tsorata. Aka cire aure da yawan 'ya'ya, wai ba ruwan kowa. Da aka gama, sai ya ga wani mutum tsaf-tsaf a jikin kwamfutar, marar shekaru, marar iyali, ko ɗigon baƙin mai babu a farcensa. Bai san shi ba, amma ya yarda cewa shi ma da zai ɗauke shi aiki.

"Saura abu ɗaya," in ji Mamana. "Mai shaida. Wanda ya san aikinka, da za su kira ya ba da labarinka."

"Tsoho," ya ce, tun kafin ta rufe baki. Ya karanto mata lambar waya da ka, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Tsoho shi ne babban makaniken kamfanin kwali. Shi ya karɓi Kunne yana ɗan shekara ashirin da biyu, bai san sifana goma daga goma sha biyu ba. Shi ya fara manna masa ƙotar sukundireba a kunne ya ce, "Rufe bakinka, inji na magana." Mutum ne mai faɗa, yabonsa bai wuce "ba laifi" ba, kuma duk wanda ya samu "ba laifi" ɗin nan sai ya yi mako yana tafiya da ƙafa ɗai-ɗai. Ranar da aka rufe kamfanin, a bakin ƙofa, kowa na rungume da kayan aikinsa, Tsoho ya kama kafaɗar Kunne ya ce, "In ka samu wuri, ka zo ka faɗa mini."

Maganar nan ita Kunne ya ɗauka ya ɗaure kansa da ita. An ce in ya samu wuri, to bai samu ba. Da wace fuska zai je ya zauna gaban mutumin da ya koya masa komai, ya ce yana nan yana gyaran fanka da injin markaɗen maƙwabta? Suka tashi daga gidan kamfani, layin wayarsa ma na kamfani ne aka karɓe, ya sayi sabo. Sau nawa yana danna lambar Tsoho har ƙarshe, sai ya goge. Bari dai wata mai zuwa. Haka wata ashirin da huɗu suka bi juna.

"Ka kira shi tukuna," in ji Mamana. "Ƙa'ida ce, ba a sa sunan mutum sai an nemi izininsa."

"Izini? Wurin Tsoho? Ai ko daga barci aka tashe shi ya san abin da zai ce."

"Duk da haka, Baba."

"Mamana, bar shi. In suka kira shi, ya san na kusa. In suka ɗauke ni, da ƙafata zan je, da takardar ɗaukar aiki a hannu."

Uwar yara ta leƙo da ludayi. "Wannan girman kan naka, ko a kasuwa aka kasa shi ba mai taya shi. Mutum ya riƙe ka kamar ɗa, gaisuwa ma sai da takarda?"

Ya kau da kai. Aka buga takardar, lambar Tsoho na can ƙasa, layin ƙarshe.

Bayan kwana goma sha biyu aka kira shi ganawa. Ofis ne mai sanyi, da wata mata mai tabarau wadda ke kula da ɗaukar ma'aikata, da wani injiniya da bai girmi Mamana ba. Takardarsa na gabansu, an ja layi da jan biro ƙarƙashin maganar inji mai lamba huɗu. Injiniyan ya yi ta tambaya daga cikin littafi, Kunne na amsawa da kyar, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin. Can sai ya karkata kai wajen bango, inda ƙarar injuna ke ratsowa.

"Ranka ya daɗe, injin nan na ƙarshe ta hagu, yaushe rabon a duba shi?"

Suka dubi juna. Aka kai shi. Ya ari sukundireba, ya manna, ya rufe ido, ya nuna wuri da yatsa. Da aka buɗe, boris ɗin ya riga ya fara cin kansa. Abin da Mamana ta ce kada a rubuta, shi ya yi magana a ranar.

"Za mu tuntuɓi mai shaidarka," in ji mai tabarau, "sannan ka ji daga gare mu."

Ya koma gida yana jin kansa kamar sabon ango. Ya sa aka wanke masa farar rigarsa aka goge, ya rataye ta a bayan ƙofa, ta zuwa gidan Tsoho. Har ya shirya yadda za a yi: zai miƙa takardar bai ce komai ba, Tsoho zai nisanta ta da ido ya karanta, ya ce "ba laifi."

Ranar Talata da azahar, yana tsugune gaban fankar wani maƙwabci, waya ta yi ƙara. Mai tabarau ce.

"Malam, mun kira lambar da ka bayar." Ta sassauta murya. "Yaushe rabonka da shi?"

"An ɗan kwana biyu."

"Matarsa ce ta ɗauka. Ta ce Allah ya yi masa rasuwa, wata bakwai ke nan. Ka yi haƙuri, na ɗauka ka sani."

Sukundireban ya zame daga hannunsa ya gangara ƙarƙashin kujera. Ya ji bakinsa na salati, amma kamar daga wani ɗaki muryar ke fitowa.

"Na so in ajiye wayar," matar ta ci gaba, "amma da ta ji sunanka sai ta ce in tsaya. Ta fi minti ashirin tana ba ni labarinka. A ƙa'ida ba ma karɓar shaidar wanda bai yi aiki da mutum ba, sai dai ni ban taɓa jin shaida irin wannan ba. Ka zo ka karɓi takardarka, Litinin ka fara."

Ya ce ya gode. Abin da ya shekara biyu yana roƙo ke nan, ga shi ya zo, kuma bai taɓa jin abu mai ɗaci kamarsa ba.

Washegari ya sa farar rigar. Ya biya ya karɓi takardar, ya hau mota biyu, ya sauka a layin da ƙafarsa ta sani ba sai ya duba ba. Shagon mai faci na nan, famfon bakin titi na nan yana ɗiga kamar kullum. A ƙofar gidan, bencin da Tsoho ke zama da rediyonsa ne kawai aka jingine a bango, ƙafafu sama.

Matar Tsoho ta buɗe. Ta rame, ta ƙanƙance. Ta daɗe tana kallonsa.

"Kunne. Ashe kana duniya."

Ya durƙusa nan bakin ƙofa. "Mama, ban ji ba. Wallahi ban ji ba."

"Ta ina za ka ji? Mun aika gidan kamfani, an ce kun tashi. Mun kira layinka, wani ne daban ya ɗauka. Tashi ka shigo, kada ka tara mini mutane."

Falon na nan yadda ya san shi. Ya yi mata gaisuwa, ta amsa, ta kawo ruwa ya kasa sha. A kan ɗan teburin da ke gefen kujerar Tsoho ga tsohuwar wayarsa, mai tsagaggen gilashi, a jone da caji.

"Me ya hana ka zuwa?" ta tambaya. Ba faɗa a muryarta, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Ya ce in na samu wuri in zo in faɗa masa. Ban samu ba, Mama. Kunya ce."

"Kunya." Ta girgiza kai. "Kai da maigidanka duk jirgi ɗaya ya kwaso ku. Ka tuna lokacin da kamfanin siminti suka neme ka, ya ce ka zauna, nan ne gidanka? Bayan shekara uku aka rufe. Tun daga ranar bai yafe wa kansa ba. Da ka ɗauke ƙafa, sai ya ce fushi kake yi, kuma da gaskiyarka, shi ya cuce ka."

"Ni? Fushi da Tsoho?"

"Na gaya masa. Ya ce in bar shi, shi ya san yaronsa." Ta goge ido da bakin mayafi. "Maganar samun wuri kuwa, ai ka san bakinsa. Bai iya cewa mutum ka zo ina son ganinka ba, sai ya nemo dalili ya rataya. Ko ruwa kake sayarwa a titi, da ka zo."

Kunne ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan farar rigar. Shi da ke jin ciwon ƙarfe ta bayan bango, magana ɗaya ta mutum ɗaya ya kasa jin abin da ke cikinta.

"Da ciwo ya kwantar da shi, wayar nan ba ta barin gefensa. Ko masu talla ne suka kira sai ya ce a miƙo masa. Ana saura kwana biyu ya ce mini, kada ki kashe layin nan, ita kaɗai ce lambar da yaron nan ya haddace. Shi ya sa kullum nake sa mata caji. Yara sun yi ta cewa in rufe, na ƙi."

"Me kika gaya wa matar nan, Mama?"

"Abin da yake faɗa a nan, a kujerar nan, duk baƙon da ya zo. Cewa ya koyar da mutum sama da arba'in, guda ɗaya ne ya fi shi."

"Bai taɓa gaya mini ba."

"Ina zai gaya maka?"

A waje mai faci na buga taya. Can ta nuna ambulan ɗin takardar da ke hannunsa, wanda ya matse har ya jiƙe da gumi.

"Ita ce?"

"Ita ce."

"To, ai sai ka faɗa. Abin da ya ce ka zo ka yi ke nan."

Ya juya wajen kujerar Tsoho. Matashin kujerar ya lotsa a tsakiya, daidai inda bayan Tsoho ke zama. Ya ɗaga ambulan ɗin.

"Na samu wuri."

Ba wanda ya ce ba laifi. Matar Tsoho ta miƙa hannu ta zare wayar daga caji, ta riƙe ta a tafinta kamar mai auna nauyinta.

"To, ka zo," ta ce. "Bari in hutar da ita."

Ta danna maɓallin gefe ta riƙe. Wayar ta yi ɗan kuka siriri, irin wanda ba kowa zai kula da shi ba, gilashin ya yi baƙi. Kunne ya ji shi sarai, tun daga farkonsa har inda ya yanke.