Magulmacin Ɗakin Baba

Da aka sallami Baba daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya riga ya shanye. Tsohon direban babbar mota ne, ƙato, ga nauyi. Babbar 'yarsa, wadda ƙannenta ke kira Yaya, ita ke ɗaga shi, ta kai shi banɗaki, ta yi masa wanka. Ba a je ko'ina ba bayanta ya riƙe. Shi kuma da ya ga ta shigo da bokiti, sai ya juya fuskarsa bango har ta gama.

Likita ce ta ba da shawarar a kawo injin jinya. Fari ne, mai tayoyi da hannaye biyu masu laushi. Yana ɗaga majinyaci, ya juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ya auna hawan jini da bugun zuciya, ya aika wa likita da 'ya'yan gida ta waya.

"Ku fitar mini da wannan firijin," in ji Baba.

Amma ranar da injin ya fara yi masa wanka, Yaya ta jiyo shi daga tsakar gida yana 'yar waƙa. Da ta tambaye shi, sai ya ce, "Shi ba ni na haife shi ba. Kunyar me zan ji?"

Matsalar ita ce injin ba ya rufa asiri. Wani tsohon bakanike, abokin Baba, ya ɓoyo masa sigari a aljihu. Ko rabi bai sha ba likita ta kira. Tun daga nan Baba ya laƙaba masa suna Magulmaci.

Wata safiya, Baba na tsakiyar shan shayi, injin ya kira motar asibiti. Baba ya yi ta faɗa, wai lafiyarsa ƙalau. A asibiti aka ga zuciyarsa ta fara tsallake bugu, kuma da an jinkirta da sai dai wani labarin. 'Ya'yan suka miƙa wuya ga injin gaba ɗaya.

Yaya ta koma wurin aikinta. Auta, ƙaramin ɗansa mai shagon gyaran waya, ya rage zuwa. Kowa sai ya duba waya, ya ga alama koriya, ya ce alhamdu lillahi, ya ci gaba da sabgarsa. Baba ya koma ba injin labaran hanya: yadda birki ya taɓa tsinke masa a gangare, da yadda ya kwana uku a daji saboda taya. Injin yakan saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Na ji, Baba. Lokacin shan ruwa ya yi."

Ana nan hannun injin ɗaya ya maƙale, kamfani ya ɗauke shi gyara. Auta ya rufe shago ya zo zaman jinya. Ya miƙa wa Baba jarida, Baba ya ajiye ta a kan cinya.

"Baba, ba ka karatu ne yanzu?"

"Da wane idon? Tabarau ya faɗa bayan gado tun kafin a sake kwantar da ni a asibiti."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Na gaya wa Magulmaci. Ya ce ya ji."

Auta ya ja gadon, ya zaro tabarau ɗin, ya goge da bakin rigarsa. Baba ya saka, ya ƙare masa kallo.

"Yaushe ka ajiye gemu?"

"Ai ya daɗe, Baba."

"Bai yi maka kyau ba."

Da yamma Auta ya kira Yaya ya gaya mata. Ta ce wayarta ba ta nuna mata komai ba. Ya ce shi ma tasa haka.

Bayan 'yan kwanaki aka dawo da injin da sabon hannu. Yaya da Auta suka raba ranakun zuwa a tsakaninsu, wani makon su cika, wani makon aiki ya sha kansu. Likita ta rubuta wa kamfanin batun tabarau, suka amsa cewa za su duba. Baba kuwa yakan bar Yaya ta yanke masa farce, ta yi masa hira, amma da lokacin wanka ya yi sai ya ce ta ja masa ƙofa.