Inda Dizal ɗin Alhaji Tanko Ya Shiga

Ni Ɗanliti, shekara ashirin da shida ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane a garejina da ke hanyar Batagarawa, kuma abu ɗaya ne ba na ɗauka: mutum ya kawo mani mota, ya haɗa da gaya mani abin da ke damunta. To in ka sani, me ya kawo ka? Shi kuwa Alhaji Tanko da ya zo ran Laraba, ba ciwon kaɗai ya sani ba, har ɓarawon ya taho da shi.

Alhaji Tanko ɗan kasuwar hatsi ne, rumfarsa na Babbar Kasuwa. Motarsa wata tsohuwar jif ce mai shan dizal, mai ja da ƙafa huɗu, ta girmi 'ya'yansa kaf. Da ita ake shiga ƙauyuka sayen gero da wake inda damina ta cinye hanya. Direbanta Bitrus ne, mutumin Zonkwa, dattijo a cocinsu, shekara goma sha tara yana riƙe da sitiyarin nan. Mutum ne da in ka ba shi goro sai ya tambaye ka ko ka rage naka.

Agogon man motar ya mutu tun ina da gashi a kai, don haka da sanda Alhaji ke auna tanki, wata sandar gora da ya tsattsaga da wuƙa. Sati uku ke nan, in ji shi, sandar na nuna mashi abin da bai gane ba. Tafiyar da ke cin tsaga biyu ta koma cin uku da rabi. Ya sa wa murfin tanki kwaɗo, ya cusa mabuɗin cikin hularsa, bai hana ba. Sai ya yanke cewa Bitrus ta ƙasa yake zare tiyo yana zuƙa. Daga nan kullum da safe sai ya sa dattijon nan ya buɗe baki ya yi "ha", shi kuma ya sunsuna. Bai taɓa jin komai ba sai albasa, amma ya ce wannan ma wayo ne, don me mutum zai riƙa cin albasa da sassafe in ba yana ɓoye wani abu ba.

Abin bai tsaya nan ba. Ran Litinin, a rumfarsa, gaban 'yan dako da maƙwabta, ya ce da bakinsa akwai ɓera a motarsa, ɓeran ma mai lasisin tuƙi. Yanzu abin da yake so gare ni kaɗan ne: in duba in tabbatar mashi motar lafiyarta lau, ran Juma'a ya karɓi mabuɗin motarsa daga hannun Bitrus.

Bitrus na tsaye yana jin wannan duka, hannuwansa a baya. Gaskiya raina ya ɓaci. Na ce wa Alhaji nan gareji ne ba kotu ba, ya samu benci ya zauna.

Na fara da abin da kowa zai fara. Na shimfiɗa kwali ƙarƙashinta, na sa Bitrus ya tayar, muka bar ta tana rugugi. Ko ɗigo. Na bi tiyo da yatsa tun daga tankin da ke ƙarƙashin kujerar direba har filta, daga filta har famfon inji, a bushe. Hayaƙinta ma ba baƙi ba ne, balle in ce nozul mai fesa wa inji mai ne ke ambaliya. Duk abin da na ce lafiyarsa lau, sai Alhaji ya gyara zama ya ce, "To ka gani."

Ga wanda bai sani ba, injin dizal ba ya shanye duk abin da aka miƙa mashi. Tiyo biyu gare shi, ɗaya ya kawo mai, ɗaya ya mayar da ragowa tanki. Sai na zare su duka biyun na tsoma cikin jarka mai lita huɗu, na bar inji na aiki rabin awa. Abin da ya ragu bai taka kara ya karya ba. Ke nan ba injin ke da haɗama ba. Alhaji ya tashi yana murna, ya zare mabuɗin motar ya sa aljihu, ya ce shari'a ta ƙare, bari ya yi azahar ya dawo. Bitrus ya koma gindin bedi ya zauna, ko kallon kwanon abincinsa bai yi ba.

Saura abu ɗaya, na yi shi ne don kawai kada a ce ban yi ba. Na kwanta, na kama bututun da ke mayar da mai, na sa baki na hura, ina jiran in ji ɓul-ɓul a tankin da ke saman kaina. Shiru. Na sake hurawa da ƙarfi. Sai na ji ɓul-ɓul ɗin can baya, wajen safaya.

Nan na tuna. Motar nan da tanki biyu aka ƙera ta. Na bayan, shekara takwas da suka wuce Alhaji ya sa mai walda ya liƙe bakinsa, wai tanki biyu ƙofa biyu ce ga ɓarayi. Bututunsa dai yana nan, gefe da gefe da na tankin gaba, kamanninsu ɗaya. Na ja jiki na ƙwanƙwasa tankin bayan da sifana, ya amsa mani da nauyi kamar randa cike.

Wanda ya haɗa tiyon can kuwa, ba sai na yi nisa wajen neman sa ba. Wata guda da ya wuce ni na canza tiyoyin motar nan. Ni ba na rubutu, ba na fenti. In na zare tiyo sai in soka guntun kara a bakin bututun da zan mayar da shi, haka maigidana ya koya mani. Ranar na soka karan, aka kira la'asar, na tafi. Da na dawo na tarar da akuyar Dije mai abinci ƙarƙashin motar tana tauna. Na kore ta, na dubi bututu biyu, na ce haba, ni ne za a koya wa motar nan? Na cusa a wanda hannuna ya fara taɓawa.

Na daɗe kwance a wurin nan. Aikin minti biyu ne in mayar da tiyon inda ya dace, in yi gum. Ba wanda ya ji ɓul-ɓul ɗin sai ni. Amma na san abin da zai biyo baya: ran Juma'a a sallami Bitrus, sabon direba ya hau, sanda ta koma tsaga biyu, Alhaji ya zagaye kasuwa yana cewa kun gani, ɓera ya tafi mai ya tsaya. Ni kuma sunana, da na shekara ashirin da shida ina gina shi, akuya za ta zubar. Wallahi na yi tunanin yin shirun, ba zan ɓoye ba. Daga inda nake ina hango ƙafafun Bitrus cikin silifas, ya haɗe su wuri guda kamar mai jiran likita.

Da Alhaji ya dawo na ce a kawo jarkoki. Na kwance ƙusar gindin tankin baya, dizal ya ɓarke. Jarka ta farko ta cika, ta biyu ta cika, aka aro ta uku wajen mai faci. Alhaji ya tsuguna da babbar rigarsa, ya dangwala yatsa ya sunsuna. Sai ya juyo ya ce ashe nan Bitrus ke tarawa.

Nan na fashe. Na tambaye shi ta wace ƙofa, tunda shi ya sa aka liƙe bakin da walda. Na gaya mashi komai, da karan, da la'asar, da akuyar, ban rage ba. Dije na daga rumfarta ta ce kada wanda ya sa akuyarta cikin maganar maza, ita kara ta gani ta ci.

Alhaji ya zage ni iya son ransa, na haɗiye, karo na farko a garejin nan. Da ya gaji ya ciro mabuɗin motar ya miƙa wa Bitrus, yana kallon taya, ya ce to ai shi ke nan, a yi haƙuri, sharrin shaiɗan ne.

Bitrus bai miƙa hannu ba. "Alhaji, ba a nan ka faɗa ba," in ji shi. "A kasuwa ka faɗa."

Haka muka ɗunguma. Na gyara tiyon, muka loda jarkoki uku, ni na tuƙa don Bitrus ya ce shi ba direban kowa ba ne tukuna. A bakin rumfa aka jera jarkokin, mutane suka taru. Na sake ba da labarin akuya, 'yan dako na riƙe ciki, har wani ya ce daga yau a riƙa kai wa akuyar gyara kai tsaye. Alhaji ya yi ta kame-kame, ya fara da tsadar dizal, ya biyo ta halin makanikan zamani, da ƙyar ya iso inda ake jira. Ya ce Bitrus bai ɗauki ko cokali ba, shi ne ya yi mashi ƙazafi, ya yafe mashi don Allah.

Bitrus ya karɓi mabuɗin. Sai ya ciro 'yar wayarsa, ya miƙo mani ya ce in nemo mashi Maman Caleb, matarsa. Na latsa na ba shi.

"Esther," ya ce, "gobe ki fito da tumatirinki kasuwa. Ki zauna a wurinki. Ba wanda zai ƙara nuna ki."

Ban san kwana uku ke nan ba ta iya fitowa ba. Dariyar da ake yi mani ta ci gaba a bayana, amma ni na daina jin ta.